Wadannin Bishiyoyin Konifa a Lambunan Turai da Amurka: Nazarin Tashe da Faɗuwar Wata Al'adar Shuka

A ƙasashen da hunturu ke zuwa da dusar ƙanƙara, lambun gida yakan yi wata huɗu ko biyar ba shi da kyan gani. Furanni su bushe, bishiyoyi su kaɗe ganye, a bar mai gida da rassa tsirara. Cikin 'yan tsirarun da ke zama kore shar a wannan lokaci, dangin konifa ne suka fi yawa, wato fayin da junifa da al'ul da makamantansu, masu siraran ganyaye da ba sa zuba. Sai dai a daji yawancinsu ƙatti ne. Picea abies, wadda ta cika dazuzzukan Norway da Jamus, takan haura mita 40. Mutumin da filinsa bai wuce taku goma ba, ina zai kai irin wannan? Wannan buƙata ce ta haifi al'adar farautar wadanninsu da renonsu, al'adar da ta yi tashe, ta zube, yanzu kuma take neman farfaɗowa.

Waɗannan wadanni sun sha bamban da bonsai na Japan. Shi bonsai mutum ne ke takure shi da almakashi da ƙaramar tukunya, ranar da aka dasa shi a ƙasa kuwa sai ya miƙe. Su kuma a halittarsu ƙanƙantar take. Wani lokaci cikin dubban iri da aka shuka sai a sami guda da ya fito a dunƙule. Wani lokaci kuma a can saman ƙatuwar bishiya wani reshe ne ke cukurkuɗewa ya zama curi mai gajerun rassa, wanda daga nesa za ka ɗauka kauci ne. Masu sana'ar suna kiransa tsintsiyar mayu. Idan sauyin halitta ne ya jawo shi, ba cuta ba, akan yanko reshensa a yi masa aure da saiwar wata bishiya 'yar danginsa, yadda ake yi wa mangwaro. Galibi abin da aka samu daga wannan reshe yakan gaji ƙanƙantarsa.

Ɗaya daga cikin tsofaffin da aka sani ita ce 'Clanbrassiliana', wadda aka tsinta wajen shekarar 1780 a arewacin Ireland, aka dasa a gandun Tollymore na Lord Clanbrassil. Wadda ta fi kowace yaɗuwa kuwa ita ce 'Conica', mai tsini a sama da faɗi a ƙasa. Masana tsirrai biyu na gandun Arnold da ke Boston, J. G. Jack da Alfred Rehder, su suka gano ta a 1904 kusa da tafkin Louise a lardin Alberta na Kanada. Miliyoyin da ake sayarwa yau a Turai da Amurka daga wannan tsintuwa suka samo asali.

A farkon ƙarni na 20, harkar ta masu hannu da shuni ce, waɗanda ke gina lambun duwatsu don kwaikwayon tsaunukan Alps, suna neman bishiyoyin da za su dace da ƙaramin dutse. Murray Hornibrook ne ya fara tattara sunayensu da siffofinsu cikin littafi a 1923. Bayan yaƙin duniya na biyu, masu renon dashe na Holan, musamman na yankin Boskoop, suka mayar da abin kasuwanci. Daga Holan ɗin ne junifar nan mai shuɗin ganye, 'Blue Star', da fayin ɗin 'Mops' suka fito. A Amurka, William Gotelli ya ba gandun bishiyoyi na ƙasa da ke Washington tarinsa a 1962. Sidney Waxman na Jami'ar Connecticut kuwa ya shafe shekaru yana bin dazuzzuka, har da bindiga yakan harbo 'ya'yan tsintsiyar mayu daga ƙololuwar fayin, ya shuka irinsu, ya zaɓi waɗanda suka fi kyau.

Amma wanda ya shigar da su gidan talaka a Ingila shi ne Adrian Bloom. A 1967 ya fara dasa lambunsa mai suna Foggy Bottom a Bressingham da ke Norfolk, ya haɗa konifa masu launin kore da shuɗi da ruwan zinariya da wasu gajerun tsirrai masu fure a hunturu. Zamanin ya dace da shi. Ana ta gina sababbin unguwanni masu ƙananan filaye, miji da mata duk suna fita aiki, ga kuma kantunan dashe sun fara sayar da tsirrai cikin tukwanen roba. Tallar da aka yi wa jama'a a shekarun 1970 mai daɗin ji ce: ga lambun da ba ya neman wahala, ka dasa sau ɗaya ka huta.

A nan ne gizo ke saƙar. Babu bishiyar da ke tsayawa cak. Waɗannan ma suna girma, a hankali ne kawai, kuma sannu ba ta hana zuwa. Ƙungiyar masu konifa ta Amurka, wadda aka kafa a 1983, ta kasa su ne bisa abin da suke ƙarawa a shekara: ƙasa da inci 1 su ne 'yan mitsi-mitsi, inci 1 zuwa 6 su ne wadanni, inci 6 zuwa 12 matsakaita, abin da ya wuce haka manya. Lissafin a fili yake. Wadda ke ƙara inci 6 a shekara, cikin shekara 20 ta kai mita 3. Ita kanta 'Conica' da ake saye a tukunya ba ta kai gwiwa ba, in ta daɗe takan wuce tsayin ƙofa nesa. Takardar da ke rataye a jikin dashe galibi girman shekara 10 take faɗa, mai saye kuma ya ɗauka iyakarta ke nan.

Ga kuma ha'inci. Wasu 'yan kasuwa sun riƙa sayar da jariran manyan bishiyoyi a matsayin wadanni, bayan 'yan shekaru su toshe taga su shanye hasken gida. Sannan bishiyar Leyland, wadda ta ɓulla a Wales a 1888, ta ƙara ɓata wa dangin suna. Ita ba wada ba ce, takan ƙara kusan mita guda a shekara, amma an yi ta shinge da ita tsakanin maƙwabta. Rigingimun da ta haddasa sun kai ga dokar 2003 ta Ingila da Wales ta ba mutum damar kai ƙara ƙaramar hukuma idan shingen maƙwabcinsa ya wuce mita 2 yana tare masa haske. Tun kafin ƙarni na 20 ya ƙare, yayi ya koma ga furanni da dogayen ciyayi irin na mai tsara lambu Piet Oudolf ɗan Holan, aka riƙa tumɓuke konifa ana yi musu kallon kayan tsohon yayi.

Wasu daga cikin sukar da aka yi musu gaskiya ne. Lambun da aka cika da su zalla ba ya sauya kama, yadda yake a bazara haka yake a kaka. Ba ya fure, don haka abin da ƙudan zuma ke samu a cikinsa kaɗan ne. Masu son tara iri-iri kuma sukan jera su ɗaya-ɗaya, kowace da launinta, ido ya rasa inda zai tsaya. Bloom da kansa ya sare da yawa daga cikin nasa da suka cunkushe, ya sa furanni da ciyayi a gurbinsu, kuma lambun ya fi kyau a haka.

Sauran laifin na masu dasawa ne. Waɗannan bishiyoyi suna son ƙasar da ba ta riƙe ruwa, domin saiwarsu na saurin ruɓewa. Ba sa son taki mai yawa. Yawancinsu, in aka datse su har aka kai ga tsohon itace, ba sa sake toho, saboda haka wanda ya bari ta yi masa girma ba shi da gyara sai cirewa. Fayin ana rage masa sabon toho ne da yatsa tun yana ɗanye. Wani lokaci wani reshe yakan koma ga halin kakanninsa ya yi tsiri da ƙarfi, in ba a yanke shi nan take ba zai rinjayi sauran. A wuri mai zafi da fari kuwa, wasu ƙananan ƙwari dangin gizo-gizo sukan tsotse ganyen 'Conica' har ya koma ja. Duk wannan aiki ne, ko da bai kai na furanni ba.

Wannan batu na zafi shi ne ya shafi mai karatu a ƙasar Hausa. Fayin ɗin da aka dasa a Afaka kusa da Kaduna da kan tsaunin Jos irin na ƙasashe masu zafi ne, daga yankin Karebiyan. Wadannin da ake gani a hotunan lambunan Turai yawancinsu 'ya'yan sanyi ne, zafin Afrilu a Kano ko Maraɗi ba zai bar su ba.

A inda suka dace, amfaninsu bai ragu ba. Suna riƙe lambu a hunturu, suna zama a tukunya shekara da shekaru, junifa da fayin kuma in sun kafu suna jure ƙarancin ruwa. Bishiyoyin ba su yi ƙarya ba, masu tallarsu ne suka yi alkawarin da ba zai cika ba. Duk mai niyyar dasa su, ya tambayi inci nawa take ƙarawa a shekara, ya ninka da 20, ya auna filinsa, sannan ya biya kuɗi.