Usulus Siyasa: Madubin Shugaba Kaɗai Ne?

'Yan'uwa, wannan watan mun duba Usulus Siyasa, ɗan littafin Larabci da Muhammadu Bello, Sarkin Musulmi daga 1817 zuwa 1837, ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje. Ginshiƙai bakwai ya kafa. Kan kowanne gajere ne kamar karin magana, sannan ya bi shi da hujjoji.

Ƙarfin littafin yana cikin jerinsa. Ya fara da zuciyar shugaba: tsoron Allah, gudun kwaɗayin mulki, zama da malaman kirki. Sai daga baya ya gangaro kan kasuwanni, hanyoyi da masu sana'a, su manoma, maƙera da marina. Wato wanda bai iya riƙe kansa ba, ina zai riƙe gari?

Amma gajartar nan tana da haɗari. In zaɓe ya matso, sai mutum ya tsinci jimla ɗaya ya jefi ɗan siyasar da ba ya so. To, Bello bai ƙyale talakawa ba. Ya nuna halin shugabanni daga halin jama'arsu yake fitowa. Mai tauye mudu a kasuwa, ko ɗan kwamitin masallaci da ke fushi in an nemi lissafin kuɗin Juma'a, da wane baki zai zagi minista? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Almajiranmu na Sabonjida, ku karanta shi gaban malami, kowa ya fara da kansa. Allah Ya sa mu dace.