Kore Kan Kore a Turanci: Sharhi a Kan Wata Doka da Muke Koyarwa

Manufar wannan takarda ita ce a sake duba dokar nan da muke cusa wa ɗalibai, wai duk inda kore biyu suka haɗu a jimlar Turanci, sai su kashe juna, jimla ta koma tabbatacciya. Abin da ya jawo hankalina shi ne abin da na gani a makarantun Gwarzo da Kabo, lokacin da nake duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa.

Da farko, dokar ba ta game Turanci duka ba. Littafin nahawu na Robert Lowth, na 1762, yana cikin waɗanda suka yaɗa ta, alhali kuwa Chaucer, tun ƙarni na 14, yakan jera kore biyu ko uku don ƙarfafa magana. A 1972 William Labov ya nuna cewa jimla irin "I didn't see nobody" tana da tsayayyiyar ƙa'ida a karin baƙaƙen Amurka. Ashe hukuncin daidaitaccen Turanci ne, ba na hankali ba.

Na biyu, yaron Kabo ya tashi da "bai zo ba". Ga "ba" har biyu, amma kore ɗaya ne, kamar "ne" da "pas" na Faransancin da ake koyarwa a Maraɗi. Ya kuma san "babu wanda bai zo ba", inda kore ya kashe kore. Hausarsa ta riga ta bambance masa biyun, malami ya zo ya cakuɗa.

Na uku, wanda ya fi muhimmanci, ciwon yaranmu ba a nan yake ba. "Kowa" tana nufin duk mutane a "kowa ya zo", amma a "ban ga kowa ba" tana nufin ko mutum ɗaya. Saboda haka na sha ganin yaro ya rubuta "I didn't see everybody", yana nufin bai ga kowa ba. Jimlar lafiya lau take a nahawu, jan biro ya wuce ta, ma'ana kuwa ta ɓata. Ana maganin ƙaiƙayi, an bar kuturta.

Shawarata ga 'yan'uwa malamai ita ce mu fara darasin daga "kowa", "komai" da "ko'ina", mu gwama su da takwarorinsu na Turanci. Dokar Lowth kuwa a koyar da ita a matsayin ƙa'idar rubutu da jarrabawa kawai.