Jinjina ga alƙali Owen Dixon na Ostireliya

Ana yawan yi wa alƙali mai ra'ayin riƙau kallon ɗan amshin shatan gwamnati. Rayuwar Owen Dixon ta ƙaryata wannan zato, shi ya sa nake girmama shi.

An haife shi a 1886, ya hau kujerar Babbar Kotun Ostireliya a 1929, ya yi shekara 35 a kanta. Aƙidarsa ita ce alƙali ya tsaya kan nassin doka da hukunce-hukuncen magabata, kada ya cusa son ransa ko siyasarsa, komai kyawunsu.

An gwada wannan aƙida a 1951. Gwamnatin Robert Menzies ta kafa dokar rushe Jam'iyyar Kwaminis, a lokacin da yaƙin Koriya ke ci, tsoro ya cika zukata. Menzies kuwa ba baƙo ba ne wurin Dixon, domin a hannunsa ya koyi aikin lauya. Duk da haka Dixon ya shiga cikin alƙalai shida da suka soke dokar, ɗaya kaɗai ya saɓa. Hujjarsa ita ce majalisa ba ta da ikon ayyana wani a matsayin barazana da bakinta, sannan ta kafa ikonta a kan wannan ayyanawar. Ba ƙaunar kwaminisanci ta sa shi ba. Tsarin mulki ne bai ba da dama ba.

Shi ma Menzies ya cancanci yabo: a 1952 ya naɗa malamin nasa Alƙalin Alƙalai, muƙamin da ya riƙe har 1964. Dixon ya rasu a 1972.