Littafin Ibadar Kullum a Ƙauyukan Ungogo: Amfaninsa da Iyakarsa

Gabatarwa

A ƙarshen kowace shekara fastoci da masu bishara sukan sayo littafin ibadar kullum su rarraba wa masu bi. A ikkilisiyoyin ECWA wanda aka fi sani shi ne Abincin Yini. Tsarin irin waɗannan littattafai kusan ɗaya ne: kowace rana da nassinta, da gajeren bayani, da addu'a. A wannan darasi za mu auna wannan tsari da rayuwar masu bi na karkara, musamman a Ƙaramar Hukumar Ungogo, inda Kirista 'yan kaɗan ne a tsakiyar maƙwabta Musulmi. Tambayarmu ita ce, shin abincin yana kaiwa bakin wanda aka dafa dominsa?

Asalin tsarin

Jera karatun Littafi Mai Tsarki rana-rana a takarda ya yi ƙarfi ne a Ingila. An kafa ƙungiyar Scripture Union a 1867, ta kuma fara fitar da katin karatun kullum a 1879. Waɗanda aka shirya wa katin sun iya karatu, kowa kuma yana iya samun Littafi nasa. 'Yan mishan suka zo mana da wannan ɗabi'a.

A ƙasar Hausa kuwa, sai a 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na CMS ya yi da abokan aikinsa. A ƙarshen shekarun 1930 SIM ta karɓi aikin jinyar masu kuturta a Yadakunya, cikin ƙasar Ungogo. Majinyata sukan daɗe a can, suna jin ana karanta Maganar Allah, daga baya waɗansu suka koyi karatu. Wato a wannan ƙasa kunne ya riga ido karɓar bishara. Mu riƙe wannan, gama a kansa hukuncinmu zai tsaya.

Abin yabo

Littafin ya cancanci yabo a kan abu uku. Na fari, yana koya wa mai bi ƙa'ida. Yau da gobe ka sa allura ginin rijiya. Wanda ya karanta aya goma kowace safiya shekara biyar ya fi wanda ke jiran taron farkaswa sau ɗaya a shekara. Na biyu, yana haɗa kan ikkilisiya. Iyali guda da ke zaune su kaɗai a wajen Panisau sun san cewa 'yan'uwa a Jos da Katsina suna kan nassi ɗaya da su a wannan rana, wannan kuwa ba ƙaramar ta'aziyya ba ce. Na uku, yana taimakon mai bishara da ba shi da littattafan sharhi, ya sami abin da zai fara tunani a kai.

Inda ya kasa

Kasawa ta fari ita ce, tsarin ya ɗauka cewa kowane mai bi mai karatu ne, yana kuma da wurin kaɗaici. Gidan manomi ba haka yake ba. Da damina maigida yakan sammako gona, uwargida tana kan murhu da ɗiban ruwa, matasa sun kama hanyar birni neman aikin yini. Tsofaffi da mata da yawa ba sa karanta boko. In muka ce musu alamar girma cikin bangaskiya ita ce a keɓe da littafi, mun ɗora musu nauyin da Ubangiji bai ɗora ba, su kuwa sai su ɗauka ibada ta 'yan makaranta ce.

Ta biyu, bayanin yakan cinye nassin. Mai gaggawa yakan tsallake surar da aka nuna, ya karanta sharhin marubuci da addu'ar ƙarshe, ya rufe. A haka mutum zai shekara yana jin muryar marubuci bai ji ta Ishaya ko ta Bulus ba. Ludayi ba tuwo ba ne.

Ta uku ta fi haɗari. Akwai masu ɗaukar shafin ranar kamar laya: in sun karanta, ranar za ta yi kyau, in sun manta kuma akuya ta ɓace, sai su ce hukunci ne. Wannan tsoro ne, ba bangaskiya ba. An cece mu ta wurin alheri (Afisawa 2:8-9). Ibadar kullum ba ta sayen tagomashin Allah, hanya ce ta zama kusa da Uban da ya riga ya karɓe mu.

Abin da Nassi ya nuna

Ba mu rena keɓewa ba. Ubangiji Yesu ya tashi da asuba ya tafi wurin da ba kowa ya yi addu'a (Markus 1:35), ya kuma gargaɗe mu kan addu'ar neman a gani (Matiyu 6:5-6). Amma Nassi bai tsaya nan ba. Maimaitawar Shari'a 6:6-7 ta sa koyarwar a bakin iyaye, a zaune a gida, a tafe a hanya, da kwanciya da tashi. Daniyel yana da lokatai uku na addu'a kowace rana, har maƙiyansa suka san su (Daniyel 6:10). Bulus ya umarci Timoti ya lizimci karanta Nassi a gaban jama'a (1 Timoti 4:13). Tsohon littafin nan na ikkilisiyar farko, Didake, ya ce a yi Addu'ar Ubangiji sau uku a rana. Martin Luther ma, da ya rubuta ƙaramin katekisim a 1529, masu gida ya nufa, ya sa addu'ar safe da ta dare a ciki domin su koya wa iyalansu.

Maƙwabtanmu Musulmi suna da abin da ya kamata mu lura da shi. Kiran salla ya raba musu yini kashi biyar, yaro kuma yana haddacewa tun kafin ya iya rubutu. Ɗan Kirista da ya tashi a wannan unguwa, idan bai ga lokacin addu'a tsayayye a gidansu ba, kuma ba shi da aya ko ɗaya a ka, me zai amsa ranar da abokansa suka ce Kirista ba su da ibada sai Lahadi? Ta nan ne ake rasa 'ya'ya, ba sai da tsanani ba.

Aikin mai hidima

Hukuncinmu shi ne a riƙe littafin, amma a mayar da shi na gida, ba na mutum ɗaya ba. Kowane gida ya tsayar da lokaci: da damina bayan tuwon dare, da rani da sassafe. Duk wanda ya iya karatu, ko yarinya ce 'yar firamare, ya karanta nassin gaba ɗaya da murya kafin a taɓa bayanin. Inda ba mai karatu, a saurari Littafi Mai Tsarki na sauti a waya. A haddace aya guda a mako, a rera waƙa ɗaya, a yi addu'a domin gona, da marasa lafiya, da maƙwabta da sunayensu. Fasto kuma in ya kai ziyara, kada ya tambaya ko an sayi littafin. Ya zauna a tabarma ya yi sujadar tare da su, har maigida ko uwargida su iya bi da ita da kansu.

Domin tattaunawa

1. A ikkilisiyarka, gida nawa ne ba su da mai karatu? Wa zai riƙa karanta musu?
2. Yaya za ka taimaki mai bi da ke ɗaukar karatun safe kamar laya, ba tare da ka kashe masa himma ba?
3. Mace mai bi da mijinta ba mai bi ba ne, wane tsari za ka ba ta?