Falon Aro: Ma'aurata Matasa a Finafinan Hausa

Duk wanda ya taɓa zama a shagon masu tura finafinai a waya a Talata Mafara ya san abin da matasa suka fi tambaya: labarin saurayi da budurwa, ko na ango da amarya da rigimar dangi ta sako a gaba. Wannan jigo ya daɗe yana riƙe da masana'antar da ta faro a Kano a 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya. Da kuɗin aljihu da gudummawar abokai aka gina ta, kuma wannan abin a yaba ne. Ƙorafina a wani wuri yake. Jarin fim ɗin kaɗan ne, amma ba kasafai ake barin ma'auratan da ke cikinsa su zama masu ƙaramin ƙarfi ba.

Furodusan da bai iya gina wurin ɗaukar hoto ba sai ya ari gidan wani attajiri na 'yan kwanaki, ya ari mota, ya zaunar da ango ɗan shekara ashirin da biyar a falon da albashin shekara goma ba zai ƙawata ba. Ba mu san sana'arsa ba, sai dai mu ga ya ɗauki jaka ya ce ya tafi ofis. Illar wannan aro ba a ido kaɗai take tsayawa ba, har cikin labari take shiga. Da zarar an hana rashin kuɗi zama matsala, dole marubuci ya nemo rikici daga waje: kishiya, uwar miji, boka, tsohon saurayi. Shi ma burin matashi sai ya ƙanƙance ya koma sa'a. A Sangaya, inda Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito, mafarkin 'yar aikin gida yana cika ne don ɗan sarauta ya so ta. Wasila, wanda Ishaq Sidi Ishaq ya ba da umarni, ya fi jarunta, domin ya nuna cewa cin amana tsakanin miji da mata kaɗai ya isa ya riƙe mai kallo. Sai dai masu bin sawu sun fi kwaikwayon waƙoƙin waɗannan finafinai.

A ƙasar Morai kuwa, abin da ke hana sababbin ma'aurata barci daban ne. Akwai bashin lefe da kayan ɗaki, akwai kuɗin buhun taki, akwai jiran ko ruwan madatsar Bakolori zai iso fegin shinkafa a kan lokaci. Ango na tafiya ci-rani Legas wata biyu bayan biki, amarya ta zauna da surukar da tsoron 'yan bindiga ya raba da gonarta. Ita kanta madatsar, da aka kammala a 1978, tana ɗauke da tarihin manoman da aka harbe a 1980 saboda sun nemi diyyar filayensu. Jikokinsu ne ke aure yau. Labari irin wannan ba ya buƙatar mota ko bene. Zaure, tabarma da fitilar caji sun wadatar.

Za a ce mai kallo hutu yake nema daga wahalarsa, kuma fim ɗin Indiya ne ya raine shi. Da gaskiya a ciki, amma farin jinin Daɗin Kowa na tashar Arewa24, mai cike da talakawa da gidajen ƙasa, ya raunana wannan hujja. Uzurin da na fi karɓa shi ne na tsaro: ba wanda zai ga laifin daraktan da ya ƙi kai ma'aikatansa ƙauyukan Maradun a wannan yanayi.

Abin da ba shi da uzuri shi ne harshe. Karin maganarmu na yamma yakan shigo fim ne a bakin baƙauye ko mai gadi, don a yi dariya. Idan aka zo fagen soyayya sai kowa ya koma Kananci, kamar dai saurayin Bakura ba da Zamfarci yake lallashin amaryarsa ba ranar da zai hau motar kudu.