Nazari a kan Littafin Nahawun Goemai na Birgit Hellwig

A shekarar 2011 aka buga littafin nahawun harshen Goemai wanda Birgit Hellwig ta wallafa da Turanci. Goemai, watau mutanen da Hausawa ke kira Ankwai, suna zaune a ƙasar Shendam ta Jihar Filato, harshensu kuwa ɗan'uwan Hausa ne a cikin dangin harsunan Cadi na yamma. A lokacin da aka rubuta littafin an ƙiyasta yawansu ya kai wajen 200,000, amma yawan jama'a ba shi ne lafiyar harshe ba, gama da yawa daga cikin yaransu, musamman a garuruwa, da Hausa suke tashi. Kafin wannan aiki, babban abin dogara shi ne ƙamus da nahawun da wani limamin Katolika, Fada Sirlinger, ya shirya a 1937 da 1942, waɗanda ba su yaɗu ba.

Inda littafin ya fi ƙarfi shi ne wajen bayanin yadda Goemai ke faɗin wurin da abu yake, wanda tun a 2003 marubuciyar ta yi kundin digirinta a kansa a ƙasar Holan. Bahaushe yana iya cewa ƙwarya tana kan tebur, zane yana kan tebur, ya wuce abinsa. In ya ga dama ya ƙara da tsaye, ko kwance, ko rataye, amma ba tilas ba ne. A Goemai kuwa mai magana sai ya zaɓi aikatau ɗaya daga cikin biyar: t'ong, zama, d'yem, tsayuwa, t'o, kwanciya, lang, rataya ko motsi, sa'an nan d'e, wanda ke nuna kasancewa kawai. Ƙwarya zaune take, itace tsaye, zane kwance. Abin da ya fi ban sha'awa shi ne, ko an kife ƙwarya ana iya ci gaba da ce mata mai zama, domin zama ne ɗabi'arta. Ashe waɗannan kalmomi rarraba abubuwa suke yi aji aji, ba siffanta halin da suke ciki a lokacin magana kaɗai ba. Har cikin kalmomin nuni suka shiga, da kuma yadda ake bayyana aikin da ake cikin yi.

A nan ne darasin yake ga masu bincike a ƙasar nan. Da ta hanyar fassara aka bi, a ce wa dattijo, "Yaya ake cewa yana kan tebur?" da amsa ɗaya za a samu, a rubuta, a ɗauka an gama. Hausa, wadda ita ce gadar mai bincike zuwa ga mutanen, ita ce kuma za ta rufe masa ido. Hellwig ta kauce wa wannan rami: ta nuna hotuna da kayayyaki a yanayi dabam dabam, ta bar masu harshe su faɗi abin da suka gani, ta kuma gwada amsoshinsu da tatsuniyoyi da hirarrakin da ta ɗauka. Lalle hoton da aka tsara a Turai domin gwada harsuna masu yawa yana iya jawo zancen da ba a yi a tsakar gida, amma hirarrakin sun rage wannan illa ƙwarai.

Aibin littafin a wani wuri yake. An rubuta shi domin masana ilmin harsuna, cike da kalmomin fannin, kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin malamin makaranta. Malamin da ke horon ɗalibai a kwaleji, wanda zai so ya shirya littafin karatu na aji ɗaya da Goemai, ba zai iya ɗaukarsa ya shiga aji da shi ba. Ba laifin marubuciyar ba ne ita kaɗai, haka tsarin irin waɗannan littattafai yake. Duk da haka akwai aikin da ya rage, ya kuwa fi dacewa da sassan Hausa na jami'o'in ƙasar nan: a taƙaita babin nan na wuri da yanayi cikin Hausa mai sauƙi, a jera misalan Goemai gefe da gefe da na Hausa, don ɗalibin Shendam ya ga inda harsunan biyu suka rabu tun yana da kakar da zai tambaya.