Ibro da Camama: Fim Kamar Ƙosai

Mai karatu, in ka taɓa tsayawa shagon haya na kaset a Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Marusa nan Katsina a shekarun 2000, ka san fuskar da ta fi cika bango. Marigayi Rabilu Musa Ɗanlasan ne, wato Ibro. Kafin ka gama kallon wannan, wani ya sauka daga Kano.

'Yan fim ɗin soyayya sun raina harkarsa, suka ce camama ce. Gaskiya akwai abin rainawa. Kyamara ɗaya, ƙauye ɗaya a wajen Wudil, kwanaki kaɗan an gama. Labarin ma sau da yawa a bakin 'yan wasa yake, ba a takarda ba. Sauti ya ɗauke, hoto ya yi rawa, Kulu ta biyo shi da muciya kamar yadda ta yi a fim ɗin jiya. Wani fim ɗin suna kawai aka sauya masa.

To amma ka tambayi kanka, me ya sa dillalan Bata da Ƙofar Wambai ba su taɓa gajiya da shi ba? Kuɗin da aka zuba kaɗan ne, saboda haka faɗuwa ba ta kashe mai jari, kuma saurin ya ba shi damar da manyan furodusoshi ba su da ita. Awilo Longomba na Kwango ya cika gari, sai ga Ibro Awilo. Duniya na maganar harin Amurka na 2001, sai ga Ibro Usama. Mutumin da ya yi aikin gandiroba kafin fim ya san yadda talaka ke magana, kuma a nan ne nake ganin masu sukarsa suka yi kure: jarida ce yake bugawa, ba littafi ba.

Saurin ya jawo masa tsiya. A 2008, zamanin da Abubakar Rabo ke riƙe da Hukumar Tace Finafinai ta Kano, kotu ta ɗaure shi wata biyu kan Ibro Aloko.

Ya rasu a Disamba 2014. Abin da ya fi damuna shi ne, kaset na lalacewa, kuma yau ka zaga shagunan Katsina neman tsofaffin finafinan nan, da ƙyar ka haɗa goma.